Manjon da Ya Rantse Ba Zai Ƙara Sara wa Kanar Ba

Akwai wani hafsan soja mai suna Manjo Mahadi, ɗan Karakkai ta ƙasar Bungudu, wanda aka turo aiki Gusau a shekarun ƙarshe na mulkin soja. Mutum ne mai ƙwaƙwalwa, wannan kam ba a ja. Matsalar kawai ita ce shi ya fara gano haka, kuma bai gaji da sanar da mutane ba.

Lokacin wahalar man fetur shi aka ba kula da layin gidajen mai. Direbobin hanyar Tsafe har yau wasunsu na tuna shi a gwiwoyinsu, don tsallen kwaɗo ya koya musu, babba da yaro, cikin rana tsaka.

Shugabansa a bariki shi ne Laftanar Kanar Zakariya, Kirista daga kudancin Kaduna, mutum mai sanyin magana da jan lokaci kafin ya yanke hukunci. Tare suka shiga makarantar hafsoshi, tare suka fito. Sai aka yi ƙarin girma, sunan Zakariya ya fito, na Mahadi ya tsaya shan iska a hanya.

Tun daga ranar, kowace safiya sai Mahadi ya ƙame ya sara wa mutumin da ya taɓa koya wa karatun taswira. Yana yi, amma kamar mai haɗiyar maɗaci. A bayan ido kuwa Kunkuru yake ce masa.

Da aka buga gangar siyasa a shekarar 1998, sai wani Alhaji Sahabi, babban dillalin hatsi a Tsafe kuma jigo a jam'iyya, ya fara kawo masa ziyara. Ya ce masa Bungudu na neman namiji, kujerar ciyaman tana nan tana jiransa, kaki ne kawai ya tsaya tsakaninsu. Mahadi ya saurara, ya ga a karon farko an sami farar hula mai hankali.

To, aikin soja ba shago ba ne da za ka ja ƙofa ka tafi. Hafsan da ke son ajiye aiki sai ya shiga ofishin shugabansa cikin kaki, ya sara, ya miƙa takardarsa. Shugaban ya ji dalilinsa, ya sa hannu, ya tura sama. Kafin amsa ta dawo daga hedikwata kuwa, soja ne kai, da safe a gan ka a fareti.

Mahadi ya san wannan sarai, shi da ya sha hukunta ƙananan sojoji a kan abin da bai kai haka ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne sarawar nan ta ƙarshe. A gidan cin abincin hafsoshi, gaban mutane, ya rantse da Allah hannunsa ba zai ƙara hawa goshi domin Zakariya ba.

Sai ya ba wani abokinsa takardar ya kai hedikwata kai tsaye, tunda a cewarsa shi Mahadi yana da manya a can. Ya aika direbansa ya ajiye kwafi a teburin Kanar. Ya tuɓe kaki, ya zura babbar riga mai aska tara, ya nufi gida.

A Karakkai, mahaifiyarsa Iya ta saurare shi har ya gama lissafo tituna da rijiyoyin da zai yi. Abu ɗaya ta tambaya.

"Ka yi sallama da maigidanka?"

"Iya, wane maigida? Sa'ana ne fa."

"Ko ɗan ƙodago in zai bar gona yakan miƙa fartanya hannu da hannu," in ji ta. Mahadi ya yi dariya, ya ce Iya ba ta san soja ba. Ta yarda ba ta sani ba.

Kanar Zakariya ya aiko masa da saƙo cewa ya zo su zauna, zai sa hannu ba tare da ja ba. Mahadi ya ce a gaya masa yana da taro. Aka sake aikowa, ya ce yana da mura. A karo na gaba Kanar da kansa ya tako har gidan da Mahadi ya kama a Gusau, ya tarar da shi cikin 'yan siyasa ana cin gasasshen rago.

"Mahadi, ka sa kakinka gobe ka shigo ofis. Minti biyar. Na rufa maka asiri iya yadda zan iya, daga sama an fara tambayata ina kake."

Mahadi bai tashi ba. Ya goge maiƙo a hannu, ya ce, "Zakariya, nan ba bariki ba ne. In ƙuri'a ka kawo, zauna. In umarni ka kawo, ka yi ɓatan hanya."

'Yan siyasa suka fashe da dariya, irin dariyar waɗanda ke cin ragon mai maganar. Kanar ya dube shi jim kaɗan, ya gyara hularsa, ya fita. Washegari ya rubuta abin da doka ta ce ya rubuta: Manjo Mahadi ba ya bakin aiki, kuma ba da izini ba. Bai ƙara kalma ba, bai rage ba.

Takardar da aka kai hedikwata kuwa ta dawo yadda ta tafi, da ɗan rubutu a gefe cewa ta bi ta hannun shugabansa. Manyan da yake da su a can, ashe duk sun shagala da neman tasu mafitar.

Ranar da aka shirya babban gangami a Bungudu, fostocinsa sun rufe bango, an kwaso mutane daga Furfuri da Kekun Waje. Ya hau mumbari, ya fara bayani a kan ɗa'a da bin doka, fannin da ya ce ya ƙware a kai. Yana tsakiyar jimla motar 'yan sandan soja ta tsaya a bakin fili.

Ba su yi hayaniya ba. Wani kyaftin ya hau, ya yi masa magana a kunne cikin ladabi. Mahadi ya waiga neman Alhaji Sahabi, sai ya hango bayan motarsa ta kama hanyar Tsafe. Wani direba daga cikin taron ya tambaya da ƙarfi ko Manjo zai tafi da ƙafa ne ko da tsalle. Kafin sati ya zagayo, hoton wani ɗan'uwan Alhaji Sahabi ya hau kan na Mahadi a bango, da alama an daɗe da buga shi.

A bariki aka mayar masa da kakin da ya tuɓe, amma aka riƙe hula da bel, kamar yadda ake yi wa wanda ake tuhuma. Haka aka shigar da shi gaban Kanar Zakariya.

A hanya Mahadi ya gama shawara da zuciyarsa. Zai sara, sarawa mai kyau, irin ta fareti, ko Allah zai sa a koma maganar minti biyar ɗin nan. Yana shiga ya ƙame, hannunsa ya fara tashi.

"Sauke hannunka, Manjo," in ji Kanar, ba tare da ɗaga murya ba. "Soja ba ya sarawa ba hula. Kai ka fi ni sani."

Hannun ya tsaya a iska, sannan ya sauka a hankali. Kanar ya karanta tuhumar, ya ce maganar ta wuce teburinsa, ta kotun soja ce yanzu.

Kotu ta sallame shi daga aiki, ba muƙami, ba fansho, ba liyafar ban kwana. Ya sami fitar da yake nema, sai dai ta ƙofar da ba shi ya zaɓa ba. An yi zaɓe yana tsare.

Da ya koma Karakkai, Iya ba ta tayar da zancen fartanya ba, ta dai sa aka ba shi ɗaya. Masu son faɗa masa alheri sukan ce, ko ba komai mutum ne mai cika rantsuwa: bai ƙara sara wa Zakariya ba.

Darasi: Yadda ka bar wuri ya fi yadda ka shige shi nauyi. Wanda girman kai ya hana shi sallamar minti biyar, wata rana zai nemi yin ta a ce lokaci ya wuce. Tura wa wanda ka san yana shirin barin aiki da fushi, tun hularsa na kansa.