Gaurakan Malam Jibo

Ku gyara zama, akwai shari'ar da nake so ku yanke mini, don ni na juya ta na juya har na gaji ban ga bakinta ba.

A wani gari da ke bakin fadama, ta wajen Haɗeja, an yi wani manomin shinkafa, Malam Jibo, da matarsa Tasalla. Allah bai ba su haihuwa ba. Wata damina Malam Jibo ya tsinci ɗan gauraka a gonarsa da karyayyen fiffike, ya naɗo shi a riga ya kawo gida. Suka yi jinyarsa ya warke, amma fiffiken bai ƙara ɗaga shi sama ba, sai ya zama ɗan gida, suka sa masa suna Ɗan Fadama. Shekara goma sha ɗaya yana taku a tsakar gidan nan da tukkunsa mai ruwan zinariya, yana leƙa kowace tukunya kamar shi ya yi cefanen. Kullum da safe Malam Jibo zai ɗora malafarsa, ya yi masa fito, ya watsa masa jiƙaƙƙiyar shinkafa da fara, shi kuma ya buɗe fukafukai ya yi wa ubangidansa rawa.

Da ciwon ajali ya kwantar da Malam Jibo, bai yi wa matarsa zancen gona ba, bai yi na rumbu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tasalla, ga amanar Ɗan Fadama nan."

Amininsa tun na yarinta, Malam Tanimu masunci, shi ya yi masa wanka. Ya zare zoben azurfar da ke yatsan mamacin, ya fito ya ɗora a kan turmi a ƙofar ɗaki, ya koma ciki. Da aka dawo daga maƙabarta aka nemi zobe sama ko ƙasa aka rasa. Sai dangi suka riƙa kallon Tanimu ta wutsiyar ido. Shi ma ya gane, sai ya ɗauke ƙafa daga gidan.

Washegari gauraka ya daina ci. Ya koma bakin rijiya ya tsaya ya sunkuyar da kai, sai ɗan ruwa da yake kurɓa. To, kun san halinmu, idan abu ya yi daɗin faɗi ba mu cika bincikensa ba. Matan da suka zo gaisuwa suka ce tsuntsu na makokin ubangidansa, har ana janyo baƙi a nuna musu ikon Allah. Tasalla kuwa maganar ta yi mata sanyi a rai, don ta samu wanda yake jin abin da take ji, har takan ce ita da shi suke takabar. Ɗan wan marigayin ma, Nafi'u, da yake likitan dabbobi ne, ya hango tsuntsun daga nesa ranar da ya zo gaisuwa, ya gyaɗa kai ya ce ai dabbobi na yin haka, ya wuce. Kwana shida ba wanda ya kawo ciwo a ransa.

Ranar sadakar bakwai Ɗan Fadama ya kasa tsayuwa. Nan tsoro ya kama Tasalla, tsoro na gaske, don ta ga amanar da aka bar mata za ta salwanta mako guda da binne mai ita. Ta ture kwanon abincinta. A gaban matan da ke zaune ta yi alkawari, duk wanda ya tayar mata da tsuntsun nan za ta ba shi abin da ya fi daraja a wurinta cikin abin da Malam ya bari.

Ta farko da ta matso ita ce maƙwabciyarta Ladiyo. Shekara ashirin ta yi a asibiti tana juya marasa lafiya tana canja musu shimfiɗa, kuma a can wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta koya mata ɗora hannu. Ba wani abu ba ne, mutum ya zauna ya natsu, ya daidaita numfashinsa, ya ɗumama tafukansa, ya ɗora a jikin mai ciwo har jikin ya saki. Ladiyo takan ce akwai ɗumin da ke ratsawa daga mai rai zuwa mai rai. Tana yi wa awaki da maguna, 'yan unguwa na tsokanarta da mai asibitin tafin hannu, ita kuwa ba ta taɓa cewa tana warkarwa ba. Ta zauna da gaurakan tun hantsi har azahar. Tsuntsun da ke saran duk wanda ya matso, sai ga shi ya kwantar da dogon wuyansa a cinyarta. Tana bin wuyan da tafi a hankali, da ta kai gindinsa ya zabura, ta ji zafi a wurin, ta kuma ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino.

Ta ɗago ta ce, "Yaya, baƙin ciki ba ya yin ƙullutu. Akwai abu a wuyan nan, kuma hannuna ba zai fid da shi ba. A kira Nafi'u."

Na biyu ke nan, Nafi'u. Ya baro rigakafin shanu a wata ruga mai nisa, ya taho a babur yana jin kunyar hangen da ya yi ya wuce. Ya duba ya ce tsuntsun ya galabaita, idan aka yi masa allurar barci ba zai farka ba, idan kuma ya fizge ana cikin aiki maƙogwaron zai yage. Shi da ya saba yi wa aikin Ladiyo dariya, ran nan da bakinsa ya roƙe ta ta riƙe masa tsuntsun. Ta ɗora tafukanta, tsuntsu ya lafa, shi kuma ya zura dogon hantsaki irin na aikinsu. Sau biyu abin yana suɓuce masa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A na uku ya jawo shi waje, sai ga zoben Malam Jibo ya yi baƙi ƙirin. Ya wanke raunin, ya yi allura, ya ɗura masa ruwan magani ta siririyar roba.

Tasalla ta karɓi zoben ta yi kuka iri biyu. Ɗaya na mijinta ne, ɗayan na kunya, don ita ma a can cikin zuciyarta ta zargi Tanimu.

Sai dai magana ba ta ƙare ba. Kwana uku wuya a buɗe, amma Ɗan Fadama ko kallon abinci ba ya yi. Nafi'u ya ce magani ya yi iyakarsa, kuma ba a rayuwa da ɗure har abada. Ladiyo na zuwa safe da yamma, tsuntsun yakan yi barci a ƙarƙashin hannunta, ya farka ya kawar da kai daga kwano. Ashe matan gaisuwa ba ƙarya zalla suka yi ba, akwai zobe a wuya, akwai kuma kewa a ciki.

Tasalla ta haɗiye kunya ta aika wa Tanimu, na ukunsu. Da a ce ya ƙi zuwa, da ba mai ganin laifinsa. Amma da sassafe tsohon nan mai ciwon gwiwa ya shiga ciyawar fadama ya kamo fara, ya yi sallama a gidan da aka yi masa kallon ɓarawo. Tasalla ta fara ba shi haƙuri daga bayan labule, ya ce ta bar wannan, malafar Jibo kawai za ta miƙo masa. Ya ɗora ta, ya tsaya daidai inda amininsa yake tsayawa, ya yi fito. Fiton da suke kiran juna da shi ne daga tsallaken ruwa tun suna yara, kuma duk duniya shi kaɗai ya rage da ya iya shi. Tsuntsu ya ɗaga kai. Ya yi ta kallon malafar, sannan ya miƙa baki ya ɗauki fara guda. Ranar ce Tasalla ma ta ci abincin kirki. Safiya arba'in Tanimu yana zuwa, har tsuntsun ya saba karɓa daga hannun uwar gidansa.

Da ta fita takaba, dangi suka ce sun bar mata zoben, kuma ta san ba abin da ya kai shi a wurinta. Sai alkawari ya tsaya mata a rai. Idan ta tuna Ladiyo, sai ta ga ba don tafinta ba da an binne tsuntsun da zoben a ciki ana ta yabon makokinsa, amma kuma Ladiyon da bakinta ta ce hannunta ba ya fitar da komai. Idan ta tuna Nafi'u, sai ta ga shi ya ciro ajalin da hannunsa, amma shi ne masanin da ya gani tun farko ya wuce, kuma ba don an riƙe masa ba da bai iya ba. Tanimu kuwa ya fi tsaya mata. Shi ya dawo wa tsuntsun da son rayuwa, shi aka zalunta ya yafe, amma ai shi ya ɗora abu mai ƙyalli a kan turmi a gidan da ya san akwai gauraka.

Ta kira su ukun ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Ba wanda ya roƙa, ba kuma wanda ya ce ba ya so. Suna zaune Ɗan Fadama ya tako tsakiya, ya buɗe fukafukai ya yi rawar da bai yi ba tun rasuwar ubangidansa. Tasalla ta miƙa hannu da zoben a dunƙule, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta rasa gaban wanda za ta buɗe shi.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, zobe ɗaya ne kuma ba ya rabuwa. Tsakanin Ladiyo da Nafi'u da Tanimu, a tafin wa ya kamata Tasalla ta saka shi?