Ciyaman Ɗin da Ke Shanya Gyaɗa

Akwai wani matashi a Mubi mai suna Munzali, mai gyaran waya, wanda kakanninsa suka zo daga Kano. Yaron kirki ne, sai dai yana ji da Hausarsa. Idan mutumin Mubi yana maganar mace ya ce "ya zo", sai Munzali ya kama dariya.

Munzali yana rubutu a kundin ilimi na intanet, wanda kowa ke iya gyarawa. Shafin da ya fi alfahari da shi na marigayi kakansa ne, Alhaji Jatau, wanda ya taɓa yin ciyaman. A ciki ya rubuta cewa Alhaji ne ya gina ɗakin haihuwa na wani ƙauye kusa da Kwaja. Matasan ƙauyen da ba su san tarihin ba sun karanta, har sun shirya sa wa ginin sunansa.

Sai wata mai gyara a kundin, Khaulat, ta rubuta a ƙarƙashin layin: "Ana buƙatar hujja."

Ran Munzali ya ɓaci. Ya tura mata tsohuwar hirar rediyo, inda wani dattijo, Baba Zira, yake cewa: "Ciyaman ne ya gina. Shi ya tara mutane, shi ya kawo dutse."

Khaulat ta amsa cikin ladabi: "Na ji, Malam. Amma wane ciyaman?"

Washegari ya hau babur zuwa ƙauyen, da niyyar ya rufe mata baki. Ya sami Baba Zira a ƙofar gida.

"Baba, ciyaman ɗin da ka ce ya gina ɗakin haihuwa, ai marigayi Alhaji Jatau ne ko?"

"Marigayi? Kai! Ciyaman yana nan da ransa. Ga shi can yana shanya gyaɗa."

Munzali ya juya. Wata tsohuwa ce da ɗankwali, ta sunkuya kan tabarma. Sunanta Selina, ciyaman ɗin ƙungiyar matan ƙauyen a wancan zamani. Hausar nan da yake yi wa dariya ita ce bai fahimta ba.

Selina ta shiga ɗaki, ta fito da takardar bikin buɗe ginin, ta tsufa har ta yi ja. Ga sunanta a sama, ga na matan da suka yi dakon dutse a ka daga mayo, wato rafi, rani biyu cur.

"Ƙanwata ya mutu a hanyar Mubi, da ciki," in ji ta. "Shi ya sa muka tashi."

Kunya ta kama Munzali, tausayi kuma ya cika shi. Layin nan da ya rubuta a kan kakansa shi ne abin da danginsu ke tura wa juna a waya, kuma ba wanda ya san abin da ya gani. Daga baya ya ɗauki hoton takardar, ya goge layin da hannunsa, ya sa sunan Selina, ya tura wa Khaulat ban haƙuri. Sannan ya juya ga Selina.

"Mama, ki yafe mini. Ni jikan Alhaji Jatau ne. Saura kaɗan na ba shi aikinki."

Tsohuwa ta ƙura masa ido, sannan ta juya bayan takardar.

"Ɗana, karanta nan. Da muka gama gini, babu rufi. Kakanka ya kawo kwano cikin dare a motarsa, ya ce kada a faɗa a taro. Ni na sa aka rubuta a baya. Ka sa masa wannan, nasa ne."

Munzali ya karanta, hawaye na zuba. Ko a gidansu ba wanda ya taɓa jin wannan labari.

Darasi: Kafin ka rubuta tarihin wani, ka tashi ka bincika, ko da kakanka ne. Kada ka raina harshen mutane, kuma kada ka ji haushin wanda ya tambaye ka hujja. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai su ma su karanta.