Gayan Tuwon da Aka Ba Baƙon Legas

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Maruta, a ƙasar Gwaram, ana ce masa Malam Abdulsalami. Ba shi da yawan magana, amma an san zaurensa da abu guda: baƙo ba ya fita daga ciki da yunwa. Matarsa Turai kuwa, in ana zancen iya miya a garin, sunanta ake fara kira, kuma ta san da haka sarai.

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnati ta fito da shirin ba manoma takin zamani a kan rangwame. Aka yi ta murna. Sai dai takin ba ya isowa ƙauyensu sai damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, dawa ta yi ciki. Wata shekarar ma sai da motar ta kwana biyu a cikin taɓo a hanyar Birnin Kudu. In an ajiye buhunan don baɗi, danshi ya kama su, su dunƙule kamar dutse.

Shekara uku ana haka. Kuma duk jami'in da ya zo ya tambaya, amsa ɗaya yake samu: "Mun gode, Allah ya saka da alheri." Mutanenmu ke nan. Abin da aka kawo maka da sunan taimako, ba ka kushe shi a gaban wanda ya kawo.

Da kakar shekara ta uku aka ce wani babban jami'i, Malam Hadi, zai zo daga ofishin da ake tsara shirin a Legas. Abin da ya rubuta, da shi za a yi aiki a shekaru masu zuwa. Maikuɗi, wakilin manoman garin, ya tara jama'a a gindin tsamiya.

Ya ce, "Jama'a, kowa ya kama bakinsa. In muka yi ƙorafi, soke sunanmu za a yi, a kai rabonmu Sundimina. Godiya kawai."

Aka ɗora wa Malam Abdulsalami saukar baƙo. Ya koma gida ya leƙa rumbunsa, ko rabi bai kai ba, ga baki goma sha ɗaya a gidan. Idan baƙon nan ya koma da "mun gode", haka za a ci gaba. Idan kuma shi Malam Abdulsalami ya miƙe a taro ya yi magana, a ce ya kunyata gari.

Ya kira Turai ya ce, "Ranar zuwan baƙon, ki tuƙa tuwon dawa mai kyau, ki yi miyar kuka da zabuwa. Amma tuwon kaɗai zan fara fita da shi. Miyar sai na dawo na ɗauka."

Turai ta dafa ƙirji. "Malam! Gaya za ka ba baƙo? A gidan da nake? Da wane ido zan dubi matan garin nan?"

"Ki yi haƙuri, Turai. Da sunanki da nawa zan yi wa garin nan roƙo."

Ranta ya ɓaci. Can ta ce, "Allah ya sa ka san abin da kake yi."

Ranar ta zo. Malam Hadi ya zaga gonaki tun hantsi, ya sha godiya har ya gaji. Bayan azahar aka shigo da shi zaure, yunwa ta ci shi, Maikuɗi na gefensa. Malam Abdulsalami ya ajiye akushi, ya buɗe faifai.

"Bismilla, ranka ya daɗe. Miyar na nan tafe."

Suka jira. Ƙamshin daddawa da man shanu yana shigowa daga cikin gida, miya ba ta fito ba. Maikuɗi sai mutsu-mutsu yake yana hararar mai gida. Da jiran ya yi yawa, baƙo ya ga kada ya ba mai masaukinsa kunya, ya gutsura ya kai baki. Loma ɗaya, kurɓin ruwa ɗaya. Da ƙyar ya yi biyar, ya jawo buta ya wanke hannu.

"Alhamdulillahi, Malam, na ƙoshi. Tuwo ya yi daɗi."

Sai a lokacin Malam Abdulsalami ya tashi ya shiga gida, ya fito da kwanon miya tana tururi, ya ajiye a gabansa.

Maikuɗi ya ce, "Inna lillahi! Malam, wane irin wulaƙanci ne wannan?"

Malam Abdulsalami ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Ka ce tuwo ya yi daɗi. Don Allah, gaskiya ne?"

Malam Hadi ya dubi miyar, ya dube shi. "Kunya ce ta sa na faɗa."

"To, mu ma shekara uku kunya ke sa mu ce mun gode. Takinku mai kyau ne, kamar miyar nan. Amma sai gona ta wanke hannu yake isowa."

Da wani mai girman kai ne, da tuni ya kaɗe riga ya shiga mota. Malam Hadi bai yi haka ba. Ya ce a kai shi inda buhunan suke, ya ƙwanƙwasa ɗaya da hannunsa, ya ji shi kamar bulo. Ya tambayi watan da ake shuka, da watan da hanya ke yankewa, ya rubuta. Sannan ya tafi, bai yi alkawarin komai ba.

Wata biyar babu labari. Maikuɗi ya daina amsa gaisuwar Malam Abdulsalami. A gidan suna kuwa, Turai na shiga sai a fara ƙus-ƙus: ga wadda ta ba baƙo gaya. Takan dawo gida ta yi kukanta, amma ko sau ɗaya ba ta ce mijinta ne ya sa ta ba. Ni dai a labarin nan, ita na fi jinjina wa.

Ranar wata Laraba da bazara, ana tsakiyar sharar gona, ko yayyafi ba a yi ba, sai ga ƙura ta taso daga hanyar Birnin Kudu. Manyan motoci uku, shaƙe da taki. Malam Hadi ya diro daga ta gaba.

Ya kama hannun Malam Abdulsalami ya ce, "Sau uku ina rubutawa ana ajiye takardar. Da na ba su labarin tuwonka a wurin taro, sai da aka gama dariya, sannan kowa ya gane. An matso da lokacin rabo, da ku da Surko da Sundimina duka, kuma an sa gyaran hanyarku a cikin shirin."

Maikuɗi ya ratso jama'a, ya cire hula, ya roƙi gafarar Malam Abdulsalami a gaban kowa.

Da aka shiga zaure, tun baƙo bai gama zama ba sai ga Malam Abdulsalami da kwanon miya cike taf, babu akushi. Malam Hadi ya ce, "Ina tuwon?"

Daga bayan ƙofa Turai ta ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, yana kan wuta. Tunda bana taki ya riga ruwa zuwa, miyata ma ba za ta sake makara ba."

Darasi: Taimakon da ya zo bayan lokacinsa ya wuce ba ya cika rumbu, kuma godiyar kunya ba ta gyara shi. Ka faɗa wa shugaba gaskiya cikin ladabi, kai kuma shugaba ka saurara ko da ta yi maka ɗaci. Ku tura wa manoman da kuka sani, da duk wanda ke zaune a ofis yana tsara musu damina.