Baftismar Gizo Uku a Rafin Marke

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu sha, Kaka.

Akwai wani ɗan rafi, Rafin Marke, akuya ma tsallake shi take yi. Garuruwa uku ke bakinsa, kowanne da cocinsa. Wata ranar Lahadi Gizo yana kan reshe, sai ya ga ana nitsa mutane a ruwa ana waƙa. Ya ce wa Kwaɗo, "Malam, waɗannan wanka suke yi da riga?"

"Baftisma ce. In an fito, matan zumunta su ba ka shinkafa da kaza."

"Kaza guda?"

"Har da ƙafafu."

Gizo ya tafi garin farko ya ce ya tuba, sunansa Habila. Aka nitsa shi, ya ci kaza. Ya gangara gari na biyu ya zama Zakka, ya ci kaza. A na uku ya zama Ishaku.

Kwaɗo ya ce, "Ni fa ina mamaki. Wane irin datti ne wanka biyu bai fitar ba?"

"Rufe bakinka. Ba su san juna ba."

To, rani ya yi, rafi ya ƙafe, saura gurbi ɗaya. Coci ukun suka haɗu a can rana guda don baftisma. Gizo ya ji ƙamshin miya, ya kasa zama.

Mama Rifkatu ta garin farko ta hango shi. "Ga Habilanmu."

"Zakka dai," in ji Mama Lami ta gari na biyu.

Ta uku ta ajiye ludayi. "Ni na yanka wa Ishaku zakarana."

Gizo ya zaci dukansa za a yi. Wani tsohon Fasto ya ce, "Kada a taɓa shi. Ɗanmu ne duka. Sai dai kowane ɗan coci yana da sharar Asabar." Aka miƙa masa tsintsiya uku.

Asabar ɗaya ya yi, bayansa ya ƙage. Ya haye rufin coci ya laɓe a kusurwa, yana can har yau.

Ku ji ni da kyau, har ke mai gyangyaɗi: in kun shiga cikin mutane don tukunyarsu, aikinsu ma zai same ku.

Kungurus, na sauke ta a kan kusu.