Ranar da Dinatu Ta Ɓoye wa Maigidanta

A wani gari akwai wata budurwa mai suna Dinatu, wadda ba ta da wani buri sai na zama likita. Da ta gama sakandare ta nemi gurbi a jami'a, ba ta samu ba, aka ce sai baɗi. Don kada ta yi zaman banza, ta kama aiki a kantin magani na wani dattijo, Baba Irmiya. Da safe ta yi shara, ta jera magunguna, ta sallami masu saye. In ciniki ya lafa, sai ta jawo littafinta daga ƙarƙashin tebur ta yi bita.

Ana nan, sai ta lura dattijon yana yawan kallon littafin. Wata rana ya tambaye ta yaushe za a kira su tantancewa a jami'a. Ta ce a ranta, mutumin nan bai taɓa samun mai riƙe masa kanti kamar ni ba, yaya zai so in tafi? Ai so yake ya san ranar, ya ɗora mini aikin da zai hana ni zuwa. Sai ta amsa masa cewa ba a sa rana ba tukuna.

Ya sake tambaya bayan wata guda, ta ba shi amsa iri ɗaya. A karo na uku saƙon ya riga ya shigo wayarta, an sa ranar Alhamis, amma ta ce da saura. Ko sannu ya yi mata, sai ta juya maganar a zuciya tana neman ƙugiyar da ke ciki.

Ran Laraba ya miƙa mata makulli, ya ce zai je birni sayo magunguna, sai Asabar zai komo. Dinatu ta ce a ranta, ga shi nan, wani ya tsegunta masa. Ta karɓi makullin. Washegari da sassafe ta garƙame kantin, ta hau mota ta tafi jami'a.

Da la'asar ta dawo, ta tarar da Baba Irmiya zaune a kan benci a ƙofar kantin, ƙurar hanya a ƙafarsa. Ashe da hantsi asma ta taso wa wata tsohuwa da ke karɓar maganinta a nan, aka zo aka iske ƙofa a kulle, sai da aka ɗauke ta a babur zuwa wani gari, da ƙyar ta sha. Maƙwabta suka buga masa waya, ya bar sayayyarsa ya juyo.

Dinatu ta tsaya, makulli a hannu, tana jiran faɗa.

Ya ce, “'Yata, kin samu an tantance ki?”

Ta ce, “I, Baba.”

Ya ce, “Mun gode Allah. Sau uku na tambaye ki, don in san ranar da ba zan yi tafiya ba.”

Ta durƙusa a gabansa, ta kasa ɗaga ido.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Shekarar jira ba shekarar banza ba ce. Dinatu tana da kaya biyu a ka, aikin yau da burin gobe, dukansu kuwa amana ne daga wurin Ubangiji. Ba nauyinsu ne ya kayar da ita ba, zato ne. Zato ya sa ta yi ƙarya, ƙarya ta sa ta kulle ƙofa, tsohuwar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ita ta sha wuya. Ku matasa masu aiki kuna jiran makaranta, ku faɗa wa iyayen gidanku gaskiya tun da wuri. Wanda yake so ya warkar da marasa lafiya gobe, kada ya rufe wa mara lafiya ƙofa yau.