Batirin da Ya Kumbura a Mokola

Akwai wani matashi a nan Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, sunansa Abdulsamad, wanda in ka zauna da shi minti biyar za ka san ya yi makaranta, don shi da bakinsa zai gaya maka. A Ibadan aka haife shi. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, Turanci kuwa har da na hanci. Ba mugu ba ne, kar a ce na ce. Ciwonsa ɗaya ne: bai taɓa barin mutum ya kai ƙarshen magana ba.

Yana da mota irin mai aiki da fetur da kuma wani ƙaton batir a bayan kujerar baya. Tsohuwa ce, ta ga duniya kafin ta shigo ƙasar nan, amma ba ta shan mai sosai, kuma da ita gidansa ke ci. Alhaji Yahya, dillalin goro, shi ya ɗauke shi haya wata-wata: da safe ya kai yaran Alhaji makaranta, da hantsi ya kai Alhaji rumfa, in kaya sun iso ya kai shi tashar Ojoo. Aiki irin wannan, direbobi goma ne ke jiran ka yi tuntuɓe su ɗauke.

Wata Talata suna hawan tudun Mokola, jar alama ta fito a gaban direba, mota ta fara ja da ƙyar kamar an ɗaura mata tirela. Bakanike ya sa na'ura ya duba, ya ce batirin ne ya tsufa. Da ya faɗi kuɗin sabo, Abdulsamad sai da ya nemi wurin zama.

Alhaji Yahya ba mai doguwar magana ba ne. Ya ce ya ba shi sati biyu, zai lallaɓa da tasi. In sati biyu ya cika mota ba ta tsaya a ƙofar gidansa ba, zai ɗauki wani, kuma kar a aiko masa kowa roƙo.

Abdulsamad ya dawo gida da wayarsa a hannu yana murmushi. Ya gaya wa matarsa Haulatu cewa ya ga bidiyon wani Bature da ya farfaɗo da irin batirin nan a gidansa. Ya ce ashe ba wani abu ba ne, bakanikawa ne kawai ke tsorata mutane. Haulatu ta tambaye shi ko ya kalla har ƙarshe. Ya ce ya gane inda aka dosa.

Bidiyon minti arba'in ne. Shi da babban yatsansa a minti tara suka gama shi.

A bakin zauren gidan akwai wani dattijo, Malam Dabo, mutumin wajen Gumel. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana shimfiɗa buhu a wurin yana gyaran cocila da rediyo da fitilun caji. Bai yi boko ba. Yarbancinsa bai wuce na sayen gari da gaisuwa ba. Da ya ga an fito da batirin, mutum uku na nishi a ƙarƙashinsa, an ajiye a zaure, sai ya matso ya roƙi Abdulsamad ya ara masa wayar ya kalli abin tun daga farko.

Abdulsamad ya yi dariya. "Malam Dabo, Turanci ne fa zalla. Me za ka ji a ciki?"

"Ba ji zan yi ba, mai gida. Gani zan yi."

Ya miƙa masa don a bar shi ya ci abinci. Dabo ya zauna ya kalla daga fari har ƙarshe, bai taɓa fuskar wayar ba. Da ya ƙare ya sa Haulatu ta mayar masa farko, ya sake.

Gaskiya ɗaya zan faɗa wa Abdulsamad: a farko ya yi abin kirki. Ya zare wani filogi mai launin ruwan lemo da ke yanke wutar batirin, ya jira, ya sa safar hannu ta roba mai kauri, don wutar da ke cikin abin nan tana kashe mutum, kuma ko mai girman kai yana son ransa. Da ya buɗe murfin, sai ga ƙananan batura ashirin da takwas, kowane kamar siririn littafi, an jera su gefe da gefe, an matse su tsam da dogayen ƙarafa masu noti. Ƙwaya yake kiransu. Ya kwance 'yan tagullar da ke haɗa su, duk sun yi kore, ya jiƙa su a ruwan lemon tsamin da Haulatu ta saya don zoɓonta na sayarwa. Ranar nan zoɓo bai fita ba, kuma bai ce mata ko sannu ba.

Aikin shi ne a zuƙe wutar kowace ƙwaya a hankali, a sake cika ta a hankali, har sau uku, sannan a gwada a ga wadda ta farfaɗo da wadda ta mutu. Cajar da ya aro huɗu take ɗauka a lokaci guda. Ga kuma wutarmu ta Sabo, kun san halinta: ta zo ana kiran azahar, ta tafi kafin a sallame.

Kwana shida, ƙwaya takwas kacal ya gama. Ya lissafa da yatsunsa, ya ga sati biyu ba zai ishe shi ba. Daga nan ya fara huci. Haulatu ta kunna firji, ya ce tana janye masa wuta. Yara suka wuce ta zaure, ya ce suna tayar da ƙura.

Rana ta bakwai dabara ta faɗo masa. Wani abokinsa yana da shagon buga takardu a Mokola, layinsu ba a cika ɗauke wuta ba, in ma an ɗauke akwai janareto. Batirin gaba ɗaya ba ya ɗaukuwa a okada, wato acaɓa, amma ƙwaya takwas za su shiga buhu. Ya ɗauko sifana ya ɗora a kan notin dogayen ƙarafan nan.

Malam Dabo ya ajiye cocilar da ke hannunsa.

"Mai gida, kar ka kwance ƙarfen nan."

Abdulsamad ya ci gaba da murɗa noti.

Dabo ya ce shi dai ya lura da hannun Baturen. Ya kwance komai, ya goge komai, amma duk lokacin da wayar caja ke jone da ƙwaya, ƙarafan nan a ɗaure suke. Sau ɗaya ma ya ɗora hannu a kansu, ya kalli mutane, ya girgiza kai. Ya ƙara da cewa ko ƙaramin batirin fitila in ya sha caji zafi yake yi ya nemi kumbura, balle wannan. Mai yiwuwa matsin nan ba don ado aka yi shi ba.

"Abeg, Malam Dabo," in ji Abdulsamad, "wannan ba cocilar 'yan gadi ba ce. Ƙarfen don kar su yi motsi a hanya ne. Ni na ji abin da mutumin ya faɗa, kai hannu ka kalla."

"Hannun ne ya yi aikin ai."

"To ka ci gaba da kallo."

Haulatu na bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ce, "Baban Surayya, me zai rage ka in ka mayar da bidiyon wurin ka sake ji? Minti nawa ne?"

Ya ce ba shi da minti ko ɗaya na ɓatawa, kowa ya riƙe sana'arsa, ita zoɓo, Dabo cocila. Ya zare ƙwaya takwas, ya zuba a buhun shinkafa, ya rungumi caja, ya tare okada.

Ni abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Wayar tana aljihunsa. Amsar tana cikin wayar. Ba sai ya je Legas ba, ba sai ya biya kowa ba. Abin da ya hana shi dubawa kawai shi ne kar a ce mai gyaran cocila ya fi shi gani.

A shagon Mokola ya jera ƙwayoyin a kan tebur, kowace ita kaɗai. Da ya ga wuta a tsaye, sai kwaɗayi ya ƙaru, ya murɗa cajar sama don a gama da wuri. Huɗun farko suka yi zafi, gefensu ya ɗan tasa. Ya ce in sun huce za su koma. Ya jona huɗu na biyu ya fita cin amala.

Bai kai rabin kwano ba abokin ya kira shi yana zage-zage da Yarbanci. Ɗaya ta fashe ta baki tana huci, wari ya kori masu jiran takardunsu waje. Sauran sun kumbura kamar burodin da aka manta a tanda. Abokin ya cire filogi da sandar tsintsiya, ya ce ya kwashe tsiyarsa kafin mai ginin ya ji.

La'asar sakaliya ya dawo Sabo. Ya yi ta ƙoƙarin mayar da su cikin jerin, suka ƙi. Ya danna da gwiwa, ya sa katako, ƙarafan ba su ko kai bakin noti ba. Malam Dabo na zaune a kan buhunsa yana ɗaure wayar rediyo.

Kun san abin da Abdulsamad ya fara faɗa? Wai bidiyon ƙarya ne, Turawan nan don a kalle su kawai suke yi.

Haulatu ta ajiye ludayi, ta zo ta zare wayar daga aljihun rigarsa. Ita ma fa ta gama sakandare, ba shi kaɗai aka koya wa Turanci a garin nan ba. Ta ce wa Malam Dabo ya nuna mata inda mutumin ya girgiza kai. Dabo ya ce bayan ya sha ruwa a jan kofi ne. Ta nemo wurin, ta ƙure murya, ta ajiye a kan benci.

Baturen ya ɗora hannu a kan ƙarafan, ya faɗa a fili, har sau biyu, cewa duk abin da za ka manta kar ka manta wannan: kada ka taɓa cajin ƙwaya ba a matse ba, za ta kumbura, kuma wadda ta kumbura sosai ta tafi ke nan.

"Fassara wa Malam Dabo," in ji Haulatu. "Shi ba ya jin Turanci."

Abdulsamad ya fassara, kalma bayan kalma, bai rage ba.

Dabo bai yi dariya ba, bai ce ai na faɗa ba. Ya ce ashirin ɗin da suka rage lafiyarsu lau, a nemo takwas a kasuwar kayan mota, a matse su tare, a bi su a hankali yadda wuta ta samu. Ya ce shi wuni yake a bakin zauren nan, in an kawo wuta zai jona, in an ɗauke zai sa alli a bango don a san inda aka tsaya.

Takwas ɗin nan sai da Abdulsamad ya sayar da babbar wayarsa ya same su. Da ƙaramar wayar Haulatu aka ƙarasa aikin. Ana cikin haka Dabo ya tuna cewa a ƙarshen bidiyon, inda Abdulsamad bai taɓa kaiwa ba, Baturen ya buɗe wata 'yar fanka a gefen kujera. Suka buɗe tasu. Cunkus take da gashin raguna, na shekara uku da Abdulsamad ya yi yana ɗauko wa mutane ragon layya daga Akinyele a kujerar baya. Iska ba ta kai wa batirin, shi ya dafa shi tun farko. Da an mayar da shi haka, da ko wata shida ba zai yi ba.

Mota ta tashi. Jar alama ta ɓace, ta hau tudun Mokola shiru kamar ba ita ba. Amma sati biyar aka yi, ba biyu ba. Tun rana ta goma sha biyar Alhaji Yahya ya ɗauki wani direba. Da Abdulsamad ya je da motar fes ya tsaya a ƙofarsa, Alhaji ya yaba aikin, ya sa masa albarka, ya shiga motar wancan ya tafi. Abin haushin, da ya bar ƙarafan nan a ɗaure ya je ya roƙi ƙarin sati ɗaya, ga rabin aiki a hannu, Alhaji da kansa ya ce da ya duba. Amma abin da Alhaji ya ji a unguwa shi ne yaro ya kusa ƙona shagon mutane, kuma shi ba zai sa 'ya'yansa a motar mai irin wannan gaggawa ba.

Yanzu Abdulsamad yana Ojoo yana layi da sauran direbobi, wata rana a samu, wata rana a dawo haka.

Malam Dabo kuwa, labari ya zagaya. Masu irin motar nan daga Mokola har Akinyele suna kawo masa batura, ya sayi cajarsa, ya sayi safar hannunsa, ya bar shimfiɗa buhu ya sa tebur. In sabon abu ya zo da bai taɓa gani ba, sai ya jira Abdulsamad ya dawo daga tasha, ya miƙa masa waya ya fassara masa. Haulatu ta ce daga madafa tana jiyo su. Da zarar babban yatsan nan ya fara matsawa kusa da fuskar wayar, sai ta ji muryar dattijon:

"Mai gida, mayar da shi baya. Bai gama magana ba."

Kuma yana mayarwa.

Darasi: Ilimin da ba ya barinka ka saurara har ƙarshe, asara zai ja maka. Kar ka auna gaskiyar magana da rigar wanda ya faɗe ta, kuma aikin da aka ce a bi a hankali, in ka tura shi da ƙarfi sau biyu za ka yi shi. Kowannenku ya san wani Abdulsamad a gidansu ko a layinsu. Ku tura masa wannan, ku tsaya a kansa har sai ya karanta layin ƙarshe.