Tasalla Mai "Sai Na Dawo"

Ga ta nan tafe, ga ta nan a gabanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To ku yi shiru, sau ɗaya zan faɗa. Kada wanda ya ce mini "sai me ya faru".

"Wa ya koro ki?" in ji Inna.

"Ba kowa," in ji Tasalla.

"Kura ce?"

"A'a."

"Gobara ce?"

"Inna, gudu kawai nake yi!"

"Gudu kawai! Duk garin nan wa kika taɓa gani yana gudu ba abin da ya biyo shi? To tunda ƙafar ba ta jin magana, in kin hau dutse ki tsaya ki gaida kakarki. Ki zauna, ba gaisuwar tsaye ba."

"Na ji."

Ita fa Tasalla yarinya ce a wani gari da duwatsu uku suka kewaye. Kullum da sassafe sai ta ɗaura zani dam, ta fita. Hanyarta ɗaya ce. Ta hau dutsen farko, inda kakarta ke zaune ita kaɗai. Ta gangara cikin kurmi, ta wuce gindin wata tsohuwar Ɗorawa. Ta haye dutse na biyu da na uku, har Idon Ruwa, wanda daga shi rafin garinsu ya taso. Daga nan sai ta zagayo ta burtalin shanu, ta faɗo gida ta bayan gari. Abin da take so kawai, ta iso kafin inuwar rumbu ta taɓa turmin Inna. Jiya ta taɓa. Shekaranjiya ta taɓa. Yau ta rantse ba za ta taɓa ba.

Ta fita. Dif, dif, dif, ta hau dutsen farko. Ga Kaka a bakin ƙofa da ƙwaryar fura.

"Ke mai ƙafar zalɓe! Zo ki sha fura."

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, sai na dawo!"

Dif, dif, dif, ta shiga kurmi. Ɗorawa ta kaɗa reshe.

"Sannu 'yar nan. Tsaya ki tsotsi 'ya'yana."

"Sai na dawo!"

Dif, dif, dif, ta kai Idon Ruwa.

"Sannu 'yar nan. Tsaya ki jiƙa maƙoshi."

"Sai na dawo!"

Ta bi burtali, ta faɗo gida. Inuwa ta taɓa turmi. Ta yi tsaki.

Kashegari haka. Kaka ta kira, sai na dawo. Ɗorawa ta kira, sai na dawo. Idon Ruwa ya kira, sai na dawo.

Rana ta uku Kaka ta ce, "To, na zauna ke nan. Ba zan tashi daga nan ba sai kin dawo." Ɗorawa ta ce, "To, ba zan saki ko ɗa ɗaya ba sai kin dawo." Idon Ruwa ya ce, "To, na riƙe ruwana sai kin dawo." Tasalla ba ta ji ko ɗaya ba. Iska ce cike da kunnenta. Kuma ran nan ta riga inuwa! Ta yi tsalle a tsakar gida har kaji suka watse.

Daga ran nan ta ƙara wuta. Ko juyawa ta daina yi. In ta ji murya sai ta ɗaga hannu, ta jefa maganarta, ta wuce.

Kwana huɗu, rafi ya ja baya. Kwana biyar, mata suka je kurmi da ƙugiya, Ɗorawa ta ƙi sakin ko ɗaya, ba kalwa balle daddawa, miya ta zama lami. Kwana bakwai, rafi ya ƙafe ƙaf, awaki na kuka, randuna na ƙara in an ƙwanƙwasa.

Ran na takwas Tasalla ta fito, za ta tsallake wata Hawainiya a bakin gari, sai Hawainiya ta ce, "Ke."

"Sai na da..."

"Kul! Kada ki ɗaure ni da wannan magana. Uku kin ɗaure, sun isa."

Tasalla ta ci birki. "Wa na ɗaure?"

"Kin ce su jira ki dawo. Suna nan suna jira."

"Ai kullum ina bi ta wurinsu!"

Hawainiya ta juya ido ɗaya, ta bar ɗaya yana kallon gabas. "Kullum kina wucewa dai. Kin fita ta gaba, kin shigo ta baya. Yaushe suka ga fuskarki tana fuskantar gida? Wanda ya ce sai ya dawo, ta inda ya ɓace ake sa ido."

Tasalla ta dubi dutsen farko, ga shi nan kusa, rufin ɗakin Kaka ma ana hangowa. Ta dubi burtali. Ta ce a ranta, ruwa tukuna, gari na ƙishi. Kaka kuwa ina za ta? Ita zan bar wa ƙarshe, mu zauna sosai, in sha furar nan har in lashe ludayi.

Ta kama burtali, ta bi hanyarta a juye. Hawan da ta saba gangarowa, yau shi take hawa. Ƙafa ta yi nauyi. Dif... dif... dif.

Ta isa Idon Ruwa, ta durƙusa. "Na dawo."

"Sannu da zuwa. Ina kwana? Ina gajiya? Ina mutan gida? Yaya Inna? Yaya awaki?"

Tasalla ta amsa, ta amsa, ta amsa, ƙafarta na ƙaiƙayi. Gaisuwar kwana bakwai ce, ɗaya bayan ɗaya, ba ragi. Da aka gama, ta sa baki ta sha. Ruwa ya ɓalle, ya nufi gari da gudu. Rana ta take tsaka.

Ta haye dutse na uku, ta haye na biyu, ta shiga kurmi. "Na dawo."

"Sannu da zuwa," in ji Ɗorawa. "Ina wuni? Ina gajiya? Ina mutan gida? Yaya muka ji da ƙishi?"

Ta amsa, ta amsa, ta amsa. Ta ɓare ɗaya ta tsotsa, bakinta ya yi rawaya. 'Ya'yan Ɗorawa suka zubo tim, tim, tim. Rana ta karkata.

Yanzu ta ruga da gaske. Ƙaya ta ja zaninta, ba ta tsaya ba. Tsakuwa ta yanke ta, ba ta tsaya ba. Ta ɓullo kan dutsen farko ta bayansa, rana ta yi ja.

Ga Kaka a bakin ƙofa, inda ta bar ta, fuska tana kallon kurmi. Ƙwarya na kan cinya. Amma cinyar ta zama dutse. Hannu ya zama dutse. Ƙirji ya zama dutse. Saura baki da ido.

"Kaka! Na dawo! Na dawo, ki tashi!"

"Mai ƙafar zalɓe," in ji Kaka, a hankali. "Ashe kin san hanya."

"Ruwa ya saki, Ɗorawa ta saki, ke ma ki saki!"

"Ruwa ya iya jira. Itace ya iya jira. Ni tsohuwa ce, 'yar nan, zaman ya yi mini yawa. Zauna in gan ki."

Tasalla ta zauna. Tunda ta iya tafiya ba ta taɓa zama irin wannan ba.

"Furar ta yi tsami," in ji Kaka. "Kada ki sha."

Tasalla ta ɗauki ludayi ta sha. Tana sha tana kuka. Ta ce, "Ina wuni, Kaka? Ina gajiya?" Kaka ta ce, "Lafiya lau." Ta ce, "Yaya ƙafa?" Shiru. Ta sake tambaya. Shiru. Baki ya zama dutse, ido ya zama dutse.

Ta gangaro gari. Mata na ta guɗa a bakin rafi, kowa da tulu. "Tasalla, gudunki ya yi rana! Tasalla 'yar albarka!" Ba ta kalle su ba. Ta shiga ɗaki, Inna na kaɗa miya.

"Kin ji ruwa ya dawo? Kin biya wajen kakar taki kuwa?"

"Inna, yaushe rabonki da hawa dutsen nan?"

"Ni? Da wannan aikin? Ke da kike bi kullum? Ai na ce sai an kwana biyu. In ba ki samu tsayawa ba, bari, gobe ma rana ce. Zauna ki ci tuwo."

Tasalla ta dubi Inna, ta dubi tuwo. Ta ja ƙyaure ta buga garam, har ƙasa ta zubo daga bango. Ta fita, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu, Inna na kiran sunanta.

Shi ya sa in tsoho ya ce ka tsaya, ka tsaya a lokacin. Kada ka ce masa sai ka dawo in ka san ta wata hanya za ka koma.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan wutsiyar hawainiya. Ku matsa mini in wuce, ƙafata ta yi tsami.